Sandunan Kiɗa a Shagon Baba

In ka damƙi ɓarɓashin katako ka goga wa itacen da ke juyawa a kan inji don ya yi sheƙi, akwai wani ɗan ƙauri da yake tashi. Duk ranar da na shaƙe shi sai in koma yarinya ƴar shekara goma sha uku a unguwar Tahaggart, kunnena yana bakin ƙofa.

Baba kafinta ne, daga Damagaram ya zo Tamanrasset tun ba a haife ni ba. Shagonsa a gaban gidanmu yake, da injin juya itace da muke kira tur, wanda yake fitar da ƙafafun kujeru da shi. Ƴan kasuwar Nijar su ne masu ba shi aiki, tare suke salla, tare suke shan shayi. Ya ce musu ubansa manomi ne. To, ba manomi ba ne. Kakana makaɗin ganga ne, ubansa ma haka. Baba ya tsallako hamada ne don kada a sake kiransa ɗan maroƙa, saboda haka a gidanmu ko bokiti ka ƙwanƙwasa sau biyu a jere sai ka sha harara.

Kaka, mahaifiyarsa, ita ta ɓata masa shiri. Tun da ta zo zama da mu yatsunta ba su taɓa hutawa da kiɗa ba, in ba a gindin ƙwarya ba to a kan gwiwarta. Ita ta gaya min gaskiya wata rana da sanyin safe, lokacin hunturun nan na duwatsu da ruwan randa ke cizon hannu. Ta ce mijinta in ya ɗora sanda kan fata, manoma sukan manta da gajiya. Ban ji kunya ba. Haushi na ji, cewa an ɓoye min abu nawa.

Maƙwabtanmu Buzaye ne, samarinsu suna da gita da jerin gangunan zamani. Nakan leƙa ta katanga har mai kiɗansu ya gaji da ni. Ya ce ganga dai ga ta nan, amma sandunansa daga arewacin ƙasar ake kawo su, ba zai ba yarinya ta karya ba. In ina so, in zo da nawa. Ya ɗauka ya kore ni ke nan.

Na samo karyayyar ƙotar diga wurin samarin da ke gini a layinmu. Ranar Juma'a Baba yakan tafi masallaci da wuri, ba ya dawowa sai an sha shayi. Da ya fita na tsaga ƙotar da zarto, na ɗaura a tur kamar yadda na sha ganin yana yi. Kaka ta cire min mayafi ta ɗaure min shi a ƙugu, ta ce injin nan ba ya tambayar sunan mutum kafin ya shaƙe shi. Sannan ta zauna bakin ƙofa da carbinta tana gadi. Juma'ar farko itacen ya fizge ya bugi rufi. Ta biyu na siranta shi har ya zama tsinke. A ta uku na fitar da sanduna biyu masu santsi, da ɗan kai a ƙarshe kamar ƙwallon dabino.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina cikin gwada su a kan tebur, Kaka kuma ta shagala da sauraro ta manta gadin, sai ga Baba ya shigo da wani Alhaji mutumin Maraɗi, babba cikin masu ba shi aiki. Alhajin ya dube ni, ya dubi sandunan, ya yi dariya.

"Kafinta, ashe makaɗiya ka haifa muna?"

Baba bai buɗe baki ba Kaka ta riga shi. "Jikar makaɗi ce, Alhaji. Mijina ne, uban wannan da ke tsaye. Akwai magana?"

Alhaji ya ce babu, ya nemi takalmansa. Mu duka mun san kafin la'asar labarin ya zagaye kasuwa.

Na zaci duka zan sha, na kuwa tsaya ban sunkuyar da kai ba. Baba ya karɓi sandunan. Ya mirgina su a kan tebur yana duban ko sun karkace. Ya ɗaga ɗaya kusa da kunnensa ya ƙwanƙwasa da farce, ya yi wa ɗayar haka. Sai ya dafa guda a gwiwa, ta tsage a karkace ba tare da ya sa ƙarfi ba.

"Da zarto kika yanka," in ji shi. "Faskarawa ake yi da gatari, itace ya bi jijiyarsa. Kuma muryarsu ba ɗaya ba ce."

Ya ajiye ya fita. Wata guda bai yi min magana ba. Wasu sun janye aikinsu, wasu suka riƙa kiransa ɗan ganga a bayan idonsa, wurin shayin ma ya daina zuwa. Na ga yadda ya rame, na ji tausayinsa, amma ban ba shi haƙuri ba, kuma har yau ban ga laifin da na yi ba. Juma'ar da ta biyo na ɗauki gatari na faskara sabuwar ƙota. Ya ga ɓarɓashin a ƙasa da ya dawo. Bai ce na yi daidai ba, bai kuma sa wa shagon kwaɗo ba.

Yau Kaka ta daɗe da rasuwa, ni ke riƙe da shagon. Samari suna iya sayo sanduna ta waya a kawo musu daga ko'ina, amma da yawansu nan suke zuwa, har da ƴaƴan waɗanda suka janye aikinsu a da. Nakan yi kiɗa a biki, da rana tsaka, da mayafina. Masu cewa bai dace da mace ba suna nan, ban hana su faɗa ba.

Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Kullum da hantsi yana zaune a kusurwar shago, ina zuba masa sanduna a cinya, yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya yana haɗa masu murya ɗaya. Bai taɓa kuskure ba. Amma har gobe in ya ji sallamar baƙo, sai ya yi maza ya tura su ƙarƙashin rigarsa. Abin yana min ciwo. Tashi nake in buɗe ɗaya ƙyauren ƙofar shagon, kowa ya ga aikinmu.