Yaron da Ba Shi da Kaka a Cikin Ayari

Wata ranar Alhamis ce, a shekarar da nake aji biyar, ana tsakiyar tsinkar auduga, Ustaz Bashir ya tara mu a gindin darbejiyar farfajiyar madarasa. Saurayi ne ɗan garin Rusairis da aka turo ya koyar a ƙauyenmu na kusa da garin Suki. Ya ce ranar rufe makaranta za mu yi wasa a gaban mutanen gari, mu nuna yadda kakanni suka taso daga Sakkwato bayan Turawa sun ci ƙasar, suka yi ta tafiya gabas har suka sauka a bakin kogin da ƙauyenmu yake. Ya kife tsohon daro, ya ce kowa ya hau ya faɗi maganar mai tuta, wato mutumin da ya kafa tuta a gaɓar kogi ya shaida wa ayari cewa tafiya ta ƙare. Yara suka yi ta hawa suna sauka, wani ya fara da Hausa ya ƙarasa da Larabci, wani dariya ta kwashe shi. Da na hau, na buɗe murya har awakin da ke bayan katanga suka watse. Ustaz ya tafa hannu ya ce, "Kalas, shi ke nan, Sa'idu, tuta taka ce."

Ban ƙara zama yaro mai hankali ba tun daga ranar. In an aike ni ɗebo ruwa a tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonaki, sai in tsayar da jaki in yi masa jawabi. In an sa ni korar tsuntsaye a gonar dawa, sai in ajiye majajjawa, in ɗaura tsohon mayafin Inna a kan kara, in bi kunya-kunya ina jan rundunar da babu ita. Ƙannena mata ne ayarina, suna bina da ƙullin tsumma a ka, ƙaramar tana kukan ƙarya wai ƙishirwa. Ko a gona, buhun auduga na rataye a wuyana, ƙwanso na yankar mini yatsu, bakina bai daina motsi ba. Inna tana gasa kisra, gurasarmu ta dawa, tana jina, takan ce, "Wanga yaro zai kashe mu da wa'azi kafin ranar ta zo."

Labari ya kai ga dattawa, kuma bayan sallar Juma'a Alhaji Mamman, shehun garinmu, ya aika a kira Ustaz. Ba su ƙi wasan ba, har murna suka yi. Sharaɗi ɗaya suka kafa: kowane yaro zai tsaya a matsayin kakansa na jini. A wurinsu wannan ba abin muhawara ba ne. Sun san gidan da aka riƙo tuta, da gidan da aka koro jakuna, da gidan matar da ta haihu a hanya, da na wanda aka binne a rairayi aka wuce. In ɗan wani gida ya sa rawanin kakanka ya yi magana da bakinsa, to a ganinsu ya raba ka da shi ne a gaban jama'a. Da na girma na gane ba mugunta ba ce. Mutanen da suka baro komai, abin da ya rage musu na gado shi ne wurin da kakansu ya tsaya a cikin ayari.

Aka sake rabo a rumfar Alhaji. Muna zaune a ƙasa, ana kiran gidaje maimakon yara. Tuta ta faɗa wa Bello, jikan Alhaji, abokin wasana, yaro mai kunyar da ko sunansa malami ya kira sai ya sunkuya. Nan take ya fashe da kuka yana cewa ba ya so, kakansa ya daka masa tsawa. Har guragu da masu in'ina suka samu kakanni. Ni kaɗai na rage, domin mahaifina ba ya cikin zuriyar hijira. Daga baya can ya taso daga ƙasar Gobir da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a nan, ya tsaya yana aiki a hawashar Alhaji, wato gonarsa ta ban-ruwa. Bukkarmu ma a filin Alhaji take. Matsayi ɗaya ne ya saura wanda ba kakan kowa ba: Kawaja, Baturen da ya koro mutane daga gidajensu. Shi aka ba ni.

Inna ta ajiye maburgi da ta ji. "Ni na haifi ɗana Musulmi, a shafa mishi fari a ce shi ne ya kori Musulmi? Malam, tashi ka tai ka yi magana." Baba ya sa jallabiyarsa ta Juma'a, na bi shi a baya. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi lafiyar iyali, ya yi zancen ruwan tur'a da tsutsar da ta shiga auduga. Ina jira ya kawo maganata, bai kawo ba. Alhaji ne da kansa ya dube ni ya ce, "Malam Idi, yaronka yana da baki, Allah shi yi mishi albarka. Amma tuta tana da gidanta." Baba ya ce, "Haka ne, ranka shi daɗe." Muka taso. A hanya ya riƙe hannuna, abin da rabonsa da yi tun ina ƙarami.

Na je wa Ustaz ina tsammanin shi mai ilimin boko zai iya. Ya daɗe yana kakkaɓe alli daga hannunsa, sannan ya ce, "Ma'alesh, Sa'idu, sai haƙuri." Baƙo ne shi ma, gidajen garin ne ke kai masa abinci bi da bi. Bello kuwa ya same ni a bakin tur'a ya ce mu yi musanya a ɓoye, shi ya shafa farin, tunda Kawaja tsawa kawai yake yi. Muka zauna muna tsara yadda za mu yi, alhali dukanmu mun san ba za mu yi ba.

Ranar wasa, da la'asar, Baba ne ya dama garin dawa a ƙoƙo ya shafa mini a fuska da wuya da ƙafafu. Hannun da ke fizgar itacen auduga daga ƙasa ya bi kumatuna a hankali. Ya ce, "Tunda shi aka ba ka, yi shi da kyau." Aka aro mini gajeren wandon kaki, aka kifa mini ƙwarya a ka, aka ba ni sanda. Inna ta ce kanta na ciwo, ba ta je ba.

Na kuwa yi shi da kyau, har ya wuce kyau. Duk haushin da ke cikina na zuba shi a kan abokaina, na shure ƙullin kayansu, na daka tsawa har jarirai suka tsorata. Wata tsohuwa, Kaka Hurera, wadda takan ba ni gyaɗa in na kai mata ruwa, ta miƙe ta jefe ni da takalmi tana kuka tana cewa, "Allah shi isa tsakaninmu da kai!" Sai da aka riƙe ta. Da aka zo wurin kafa tuta, Bello ya yi jawabinsa a ƙasan maƙoshi, ko na sahun gaba ba su ji ba. Ina laɓe a bayan zana ina faɗin kalmomin a zuci, ina jiran mutane su gane kuskurensu. Da na leƙa, sai na ga dattawa suna share hawaye da bakin rawani. Ba jawabi suka zo ji ba. Sun ga tuta a hannun da suke so su gan ta, ya ishe su.

Garin dawa ya wanku a tur'a kafin magariba, sunan ne ya ƙi wankuwa. "Ya Kawaja, ina sandarka?" haka yara ke bina har na bar makaranta na fara tallan albasa. Yau ina cinikin riɗi da dawa, ina da rumbuna da motoci, kuma daga Suki har Abu Na'ama in ka tambayi Sa'idu ba lallai a gane ba, sai ka ce Kawaja. Inna ce kaɗai ba ta taɓa furta shi ba har ta koma ga Allah. Na yi ciniki da mutane masu taurin kai iri-iri, kuma da wuya mu rabu ban samu ko kaɗan ba, amma a rumfar nan ta Alhaji ban ga inda ake tayawa ba.

Shekarun baya na je wa shugaban madarasar na ce zan ɗauki nauyin a sake wasan, a ba kowane yaro abin da ya iya. Ya yi godiya, ya ce yaran yanzu ba za su kai ƙarshen jawabin da Hausa ba. Alhaji ya rasu, Kaka Hurera ta rasu, Baba ya rasu bai ga Makka ba, sannan yaƙi ya zo ya watsa sauran, Bello ma ban san inda ya sauka ba. Jawabin yana nan a kaina, ban manta ko kalma ɗaya ba. Yanzu babu mai hana ni riƙe tuta, sai dai babu waɗanda zan riƙe ta a gabansu.