Garwashin Ba'indiye a Hannun Kawu Ilu

LARABA: DAMBATTA ZUWA KADAWA

Da ƙarfe biyar da rabi na asubar Laraba na bar Dambatta, a shekarar nan da soja suka canja kuɗi, kuma ba don raina ya so ba. Inna ce ta tasa ni gaba. Wani mai fataucin tumatir ya zo ya shafa mata cewa ƙaninta, Kawu Ilu, ladanin ƙauyensu a bayan Kadawa, ya koma bautar wuta a gidan wani Ba'indiye da yake yi wa gadi. Har liman ya ba shi wa'adi: in asubar Juma'a ta yi wutar nan ba ta mutu ba, ya bar kiran salla. Inna ta kwana biyu tana kuka. Rabonta da ƙauyen tun da motocin aikin noman rani suka baje tsohon gari, ta ce ba za ta iya kallon gona a kan kabarin ubanta ba. Ta ce, "Sule, je ka kashe wutar nan da hannunka. In ya hana ka, ka gaya masa ba ni ba shi."

Ni tela ne, kuma telan da ya shekara goma yana jin "gobe zan zo" ba ya saurin yarda da mutum. Na shiga kiya-kiya a kan naira ɗaya da rabi, muka iso Kano bakwai da kwata. Na sha koko da ƙosai na sule biyu, na nemi motar hanyar Zariya. Tara saura muka tashi.

A gadar Tamburawa soja suka sauke mu duka, suna laluben madara da sukari. Minti arba'in muka ɓata a rana. Da muka wuce Kura na tambayi direba ko ya san Ba'indiyen da ke aikin ruwa a Kadawa.

Ya ce, "Na-Hayaƙi? Wa bai san shi ba! Busasshen kashin shanu yake saye a wurin Fulani, da kuɗinsa. Kai ka taɓa jin mai hankali ya sayi kashi?"

Wata tsohuwa a baya ta ce, "Ai hayaƙin nan ne ya ƙone mana tumatir bara."

Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Sha ɗaya da minti goma na sauka a Kadawa. Daga titi zuwa gidan mil biyu ne a ƙasa, a kan gefen babbar hanyar ruwa. Ruwan nan ya miƙe sambal kamar an ɗora masa magwajin tela, alkama da tumatir dama da hagu. Sai a wani wuri, haka kawai, ya yi gwiwa ya zagaye wani ɗan tudu mai bishiyar aduwa, sannan ya koma kan layinsa. Na yi tsaki. Na ce ɗan kwangila ya yi aikin ha'inci.

GIDAN NA-HAYAƘI

Kawu na zaune a bakin ƙofa da carbinsa. Ya ce, "Sule! Yaya ce ta aiko ka, ko?" Na ce gaisuwa ce kawai. Ya yi dariya, ya miƙo min fura. Wallahi sai da na shinshina ta kafin na sha. Da azahar na tsaya bayansa ina lura da sallarsa raka'a-raka'a, ko zan kama wani ƙari. Ban kama komai ba, kuma hakan bai kwantar min da hankali ba.

Wutar tana wata 'yar rumfar kwano a bayan gida, cikin wani murhun tubali mai kusurwa huɗu. Ba wani abin tsoro, garwashi ne da bai fi cikin tafi biyu ba. Kawu ya durƙusa ya tura masa busasshen kashin shanu, ya barbaɗa ƙaiƙayi. Da na ga durƙuson nan sai na ce a raina, ashe mai tumatir bai yi ƙarya ba.

Dab da faɗuwar rana ya shiga ciki ya turo maigidan a kujera. Wani siririn dattijo ne, ƙafarsa ɗaya a ɗaure, wai ya faɗa ramin makullin ruwa wata guda da ya wuce, iyalinsa kuma suna can ƙasarsu. Kawu ya ajiye shi gaban murhu, ya juya baya ya tafi alwala. Ni na laɓe jikin katanga. Mutumin ya zuba 'yar shinkafa da man shanu a wuta, yana karanta wani abu da waƙe-waƙe. Minti biyar ya gama. Sai ya ce da Hausarsa ta 'yan koyo, "Malam Tela, fito. Bango ba ya ɓoye hula."

Kunya ta kama ni, amma na fito. Na ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce a ƙauyensu akwai ɗakin ibada, kuma gidansu ne ke riƙe da wutarsa tun kakannin kakanni. Ubansa ya tsufa, shi kaɗai ne ɗa namiji. Da zai taho Najeriya aka ɗumama wasu itatuwa biyu a kan wutar can, ya zo da su ya murza har ta kama a nan. A wurinsu wuta ɗaya ce. In ya gama aiki zai sake ɗumama su ya mai da ta gida. Ya ce, "In ta mutu a hannuna, ba ni da fuskar kallon babana."

Na ce, "To ka nemi ɗan'uwanka Ba'indiye ya riƙe maka mana."

Ya ce, "Suna Kano. Sun ce aikin ƙauyawa ne."

Na kwana a zauren Kawu, kan tabarma, da tuwon alkama miyar kuka a cikina da zargi a raina.

ALHAMIS

Da hantsi na je gaida liman. Mutumin kirki ne, ba mai hayaniya ba. Ya ce, "Ɗana, ban ce Ilu ya yi ridda ba. Amma bakin da ke hura wutar majusu ba zai kira mana salla ba. Jama'a sun ƙi." Na ga gaskiyarsa.

Ƙarfe biyu, da na tabbata Kawu ya zagaya, na cika bokiti na nufi rumfar. Na ɗaga ke nan sai na ji muryarsa a bayana. Bai riƙe hannuna ba. Ya ce, "Ajiye tukuna, ba gudu za ta yi ba. Raka ni nan kusa, in mun dawo ka zuba."

Muka bi gefen ruwa har gwiwar nan da na yi wa tsaki. Ya hau tudun, ya cire takalmi, ya yi sallama. Kaburbura ne, sun kai talatin, an kewaye su da ƙaya. Ya nuna ɗaya a gindin aduwa. Ya ce, "Kakanka ke nan. Yi masa addu'a."

Na yi addu'ar. Na ce, "Ba an baje ba?"

Ya ce, "A takarda ta nan ruwa zai bi. Mun roƙi kowa, har masu salla irin tamu, aka ce zane daga sama ya zo. Ba'indiyen nan ne ya zo awo, ya same ni zaune a nan na hana mota wucewa. Ya tambaya, na ce ubana ne a ƙasa. Ya naɗe takardarsa ya tafi. Wata uku yana rigima da manyansa, har ƙarin girma ya wuce shi, amma ga ruwan nan ya kauce."

"Me ya sa ba ka gaya wa Inna ba?"

"Ta tambaya? Ta ce kada a sake yi mata zancen garin nan."

Na ce, "Kawu, ladancin fa? Shekara goma sha tara!"

Ya ce, "Ina so, Sule, wallahi ina so. Amma ni ban taɓa sunkuya wa wuta ba, itace nake sa mata. Karatunsa tsakaninsa da Ubangiji. Ya tsare min ƙasusuwan ubana, ya kwanta ya ba ni amanar garwashin nasa uban, sai in ce masa me?"

Da muka koma bokitin na nan inda na ajiye shi. Na ɗauka na zuba wa wata bishiyar gwanda. Ba zan ce zuciyata ta wanke tas ba, har yau in na tuna durƙuson nan sai na ji wani iri.

JUMA'A: KOMAWA

Da asuba wata murya ce ta kira salla, siririya, tana ja inda ba a ja. Kawu yana zaune da alwalarsa, leɓensa na bin kiran a hankali. A masallaci ya tsaya ƙarshen sahun baya, na kusa da shi ya matsa. Sai na shiga gurbin na haɗa ƙafata da tasa.

Bakwai na kama hanya. Na sami akori-kura mai kwandunan tumatir zuwa Kano a kan sule takwas, soja suka sake sauke mu a Tamburawa, na yi Juma'a a birni, biyar saura kwata ina Dambatta.

Inna tana bakin murhu. Ko sannu ba ta yi min ba, ta ce, "Ka kashe?"

Na ce, "A'a, Inna. Kuma an karɓe ladancin." Kafin ta buɗe baki na ba ta labarin gwiwar ruwa da aduwa. Ta daɗe tana juya muciya a tukunyar da ta riga ta tuƙu.

"Ka gan shi da idonka? Kabarin Baba?"

"Na yi masa addu'a."

Ta share ido da gefen zane. Can ta ce, "Da me Ilu yake rufe garwashin?"

Na ce da ƙaiƙayi.

Ta yi tsaki. "Ƙaiƙayi! Tun yana yaro in an aike shi ɗebo wuta maƙwabta, a hanya take mutuwa. In mai tumatir zai koma, ka ce ya gaya masa toka ake binne ta da ita, ya bar 'yar kafa."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da kuma Kawu Ilu, wanda ya ga na shinshina furarsa bai ce komai ba.