Kunnen Baba Guduma

Ni mace ce mai saurin hawa, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Shekara goma sha biyu ina koyarwa a firamare, daga ƙarfe takwas zuwa biyu ina cikin ihun yara sittin, don haka in na dawo gida abin da nake nema bai wuce shiru ba. Na samu kuwa, a hawan tsakiya na wani bene mai hawa uku, ni da Innata, har ranar da Maman 'Yan Biyu ta tare a samanmu da yaranta huɗu.

A gidan nan ba a ɗaga kujera, jan ta ake yi, ƙiiii, daga bango zuwa bango. 'Yan biyun ba su san tafiya ba sai gudu. Babbar tana da igiyar tsalle, ƙaramin yana da ƙwallo, uban kuwa direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu bai leƙo ba. Na dunguri silin da sandar goge-goge har fenti ya zubo mini a ido. Na hau sau uku. Kullum sai ta fito da kumfar sabulu a hannu ta ce, "Don Allah Malama ki yi haƙuri, zan yi musu faɗa." Faɗan ma a kaina yake sauka.

A wata na takwas na kai ƙara wurin mai ginin. Ya ce shi ba ya tashin ɗan haya a kan maganar mutum ɗaya. In kawo takarda da sa hannun duk maƙwabta, shi kuma ya ba su notis su fita ƙarshen wata. Na rubuta da hannuna, rubutu tsaf irin wanda nake yi a allo. Kowa ya sa hannu, saura mutum ɗaya, tsohon da muke raba bango da baranda da shi.

Baba Guduma ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a tashar jirgin ƙasa yana aiki ɗaya tak. In jirgi ya tsaya, sai ya bi taragai ɗaya bayan ɗaya da wata guduma mai dogon ƙota, ya ƙwanƙwasa kowace ƙafa, ya karkata kai. Ƙafa mai lafiya amonta dogo ne. Wadda ta fara tsagewa daga ciki, ko ido bai gani ba, amonta gajere ne, kamar na tangaran mai tsaga. Ya ja mata alli, a cire taragon, direbobi su yi ta zaginsa don ya ɓata musu lokaci. Bai yi boko mai nisa ba, sunansa ma da ƙyar yake haɗawa. Da ya yi ritaya aka bar masa gudumar, tana rataye a bayan ƙofarsa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi ta ja ya koma wurinsu ya ƙi. Hannun dai bai yi ritaya ba: ko kofin shayi ka miƙa masa sai ya ƙyasta shi da farce kafin ya kurɓa. Mukan yi masa dariya a matakala, shi ma ya taya mu.

Na kai masa takardar da biro. "Baba, kai kaɗai ka rage."

Ya riƙe ta nesa da ido, ya miƙo mini. "Malama, ba ni kwana uku. Akwai wurin da ban gane ba."

"Wurin me kuma, Baba? Wata takwas ba mu da sakat!"

"Kwana uku dai."

Na fito ina huci. A raina na ce tsufa ne ya fara taɓa shi.

Barandar su Maman 'Yan Biyu ita ce rufin tamu barandar, kuma a 'yan watannin nan duk wasan can ya koma. Kwana ukun nan, da la'asar ta yi yara suka fito, sai in hango Baba ta saman ɗan bangon da ya raba mu, yana zaune ido a rufe, kai a karkace. Can sai ya matsar da kujerarsa taƙi ɗaya, ya sake rufe ido. Wani lokaci ya sunkuya ya ja alli a ƙasa. A rana ta uku ya kira ni, da muryar da ban san shi da ita ba.

"Malama, shigar da Inna ciki. Yanzu."

Inna tana inda take zama kullum da yamma, ƙafafunta masu ciwo a miƙe, tana jan carbi. Ban yi gardama ba, na kama ta muka shiga. Da na zagaya ɓangarensa ya tsayar da ni kusa da bango. A sama yarinyar tana tsalle da igiyarta.

"Kin ji?"

"Baba, abin da nake ji kullum ne. Dim, dim."

"Lokacin da suka zo, duk inda yarinyar nan ta dira amo ɗaya ne. Tun da ruwan sama ya ɗauke, daga nan zuwa can ya mutu."

Ya ciro gudumarsa ya hau, na bi shi. Maman 'Yan Biyu ta buɗe ƙofa ta gan ni da tsoho riƙe da guduma, fuskarta ta canza. Ya ce, "'Yata, kada ki ji tsoro. Kwashe mini yaran nan daga baranda." Ya tsaya a bakin ƙofar, ya miƙa hannu, ya fara ƙwanƙwasa daɓen a hankali, kamar mai sallama a gidan surukai. Tin. Tin. Tin. Ya matsa. Tin. Sai kuma, dub.

Wallahi ni da ban iya bambance komai ba, na ji shi ƙarara. Tayil ɗin iri ɗaya ne, fes, ba tsaga ko ta gashi, amma ƙasansa ya amsa kamar babu kowa a ciki. Baba ya bi wurin bugu bayan bugu, yana jan alli, har ya fitar da layi mai lanƙwasa daga wannan gefe zuwa wancan. Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa. "Daga yau ko kyanwa kada ta taka barandar nan."

Mai ginin ya zo washegari ya yi dariya har da tafi. Bara-bara ya yi wa ginin fenti, in ji shi. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, kawo wanda zai ƙaryata ni. In ya ƙaryata ni, a gabanka zan sa hannu a takardar Malama."

Aka kawo injiniya da na'urarsa. Ya hau tsani a barandata ya ɗan taɓa filastar da kurfi, ɗan ƙarfen sassaƙa, sai ga wani ɓangare kamar faifai ya ɓallo ya tarwatse a ƙasa. Rodin da ke ciki tsatsa ta cinye shi, yana murmushewa a yatsa. Ashe magudanar ruwan barandar ta daɗe a toshe, ruwa yana kwanciya yana tsiyaya cikin kankare shekara da shekaru. Injiniyan ya hau sama ya auna ya ja nasa layin. Tsakanin layinsa da allin Baba bai kai faɗin yatsa biyu ba. Ya dubi na'urar, ya dubi tsohon.

"Baba, da me ka auna?"

"Da ƙafar yarinya," in ji Baba.

Na tsaya ina kallon wannan ɗan tsoho mai silifas ɗin roba, wanda muke yi wa dariya a matakala, na ji kwarjininsa ya cika ni. Duk ginin nan kunne biyu-biyu gare mu, ƙarar guda muke ji wata takwas, mu muka fito da takardar kora, shi ya fito da wannan.

Da mai ginin ya ga aikin da ke gabansa sai ya juya. "Ai tsalle-tsallen yaran nan ne ya jawo! Malama, kawo takardar, ko ba hannun Baba na karɓa."

Baba bai kalle ni ba. Ya tsinci ɓarɓashin rodi ya murza a tafin hannu. "Ranka ya daɗe, tsatsar nan ta girmi 'yan biyun. Da shiru ne a saman nan, da ban ji komai ba, sai dai mu ji ranar da ta sauko."

Takardar tana cikin jakata. Na ce, "Babu takarda."

"Ba ke kika zo har ofishina ba?"

"Ni ce. Na janye."

Kafin magariba an tokare barandar da ƙarafa. Na samu Baba a ƙofarsa yana goge guduma, na ce, "Baba, kai hayaniyar ba ta damun ka ne?"

Ya yi dariya. "Ni? Malama, wanda ke jin tsagar ƙarfe kike tambaya? Kaina har sarawa yake yi. Amma ni a wurin aiki ban taɓa cire ƙafa don tana ƙara ba."

Daga nan na hau in gaya wa Maman 'Yan Biyu cewa babu inda za su. Sai ta ja hannuna zuwa uwar ɗaka. Kwalaye ne jere har bakin taga, an ɗaure da igiya. Sati uku ke nan da ta ji labarin takardar, in ji ta, ta zagaya neman gida, kowa ya ji yara huɗu sai ya ce an kama. Mijin ma ba ta gaya masa ba, kada hankalinsa ya rabu a kan hanya.

"Wallahi Malama na yi ƙoƙari," ta ce tana share ido da bakin mayafi. "Tun hawanki na uku na hana su wasa a cikin ɗaki. Na ce su koma baranda su huɗun, tunda can ba a kan ɗakin kwananki ba ne."

Na zauna a kan kwali. Na daɗe ban iya ɗaga kai na dube ta ba. Can sai na jawo kwalin da ke kusa da ni na fara kwance igiyar.