Shekarar da Na Sa Aka Daka Iri

Ni wautata ba ta taɓa tsayawa a kaina ni kaɗai ba, sai na raba wa mutanen gida kowa ya samu rabonsa. Karatuna bai yi nisa ba, malamin elementare ya gaji da ni tun kafin in gaji da shi. Amma a shekarun da aka samu mulkin kai, duk wanda ya iya rubuta sunansa a ƙauyenmu na kusa da Kende, ji yake da shi aka karɓo ƙasar.

A lokacin ne gwamnati ta turo malamin gona daga Bagudo, bisa keke, da irin farar shinkafa da takin zamani, kyauta ga mai son gwadawa. Mutumin kirki ne. Ya ce mini, "Gwaji ne. Ka shuka a gefen tudu, inda ruwa ba ya wuce gwiwa. Sauran fadama ku bar ta da irinku."

Na ce to. Tsofaffi suka ƙi karɓar nasu, na bi na kwashe, na cika fadamarmu da farar tun daga tudu har ƙasa, layi-layi da igiya.

Irinmu na gado jar shinkafa ce, mummuna, ga ƙaiƙayi, ba ta cika rumbu. Amma in kogin Kwara ya tumbatsa ya malalo fadama, sai ta riƙa miƙa wuya tana bin ruwa, har a yanke ta daga cikin jirgi. Tun rasuwar Baba, Inna ke ajiye irin a tulu, ta barbaɗa toka, ta liƙe bakin da laka. A gidanmu ko ganye ake dafawa don yunwa, ba a taɓa tulun nan.

Da damina ta yi tsakiya aka ce shugabannin malamin gona za su zo ganin gonata. Rumbu ya yi ƙasa, ni kuwa ba zan ba baƙin gwamnati dambu ba. Inna ta tafi bikin suna a garin Matsinkai, sai na ce wa matata ta fasa bakin tulu.

"Maigida, wanga fa iri ne," in ji ta.

"Irin da ne. Bana gwamnati munka shuka."

Ta daka, ta tuƙa. Baƙi suka ci, suka yaba tuwo, suka yaba gona. Da Inna ta dawo ta leƙa tulun, ta daɗe tana kallon cikinsa, sannan ta kife shi a gindin bango. Ta juya ta shige ɗakinta, kuma da ta zage ni ma ya fi mini sauƙi.

Ba a jima ba Fulani suka fara kora shanu daga fadama zuwa tudu, tun lokaci bai yi ba. Wani abokina cikinsu ya tsaya bakin gonata, sanda a kafaɗa.

"Kaɗo, shinkafar taka ta yi kyau. Ta iya iyo?"

"Ta fi ka iyawa, mai tsoron wanka."

Ya yi dariya ya wuce. Ni dariyar ba ta zauna mini ba, don da safen na ga masunta sun kwance jiragensu sun ɗaure can sama, a jikin giginya, inda ban taɓa ganin jirgi ba.

Ruwan bai zo da ƙara ba. Kullum in na fita sai in tarar ya ɗan ƙara, ja-ja, yana tafe da ciyayin wata ƙasa. Farar shinkafata ta tsaya a layinta, ta fara ciki, ba ta ƙara tsawo ko na yatsa ba. Ya kai mata ƙugu, ya kai wuya. Wata safiya na duba, babu komai sai ruwa shimfiɗe, da ɗan abin da ke gefen tudu. Malamin gona ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ce a hankali, "Ba haka muka yi da kai ba."

Jar maƙwabta ta tsira, amma da ƙyar, kowa ya ƙanƙame ɗan abin da ya samu. Bayan kaka Inna ta yi mini magana ta farko mai tsawo tun ranar da ta kife tulu: in tsallaka iyaka, ƙasar Dahome, wurin yayanta, in roƙo iri.

Na same shi yana gyaran taru. Labari ya riga ni isa. Ya shiga ɗaki ya fito da 'yar ƙwarya ɗaure da tsumma, ya miƙo, amma bai saki ba.

"Ɗan ƙanwata," ya ce, "rani na da tsawo bana, kuma rumbunku wofi ne. Wa za ya tsare wanga daga gare ka har ruwa ya sauka?"