Baba, a Sake

A gidansu ba mai kiran ta da sunanta. Tun tana firamare yayyenta suka laƙaba mata Darakta, don ba a isa a kalli talabijin da ita lafiya ba: sai ta ce wancan ya tsaya inda bai kamata ba, waccan ta yi kuka da wuri. Da tsokana aka fara, ita kuwa ta ɗauki abin da gaske har ta dangana da makarantar koyon fim. Mahaifiyarta ta so a ce aikin jinya ta karanta. Mahaifinta, mai gyaran rediyo, shi dai ya raka ta har bakin ƙofar makarantar.

Wanda bai sani ba sai ya ɗauka karatun fim zama ne a kujera ana ba da umarni. Ina ruwan kujera da ɗalibi. Shekarunta a can sun ƙare ne a naɗe waya, da riƙe sandar makirufo har kafaɗa ta sage, da bin layin kyamara ɗaya tak mai ɗan dama-dama da kowa ke rububi. Ranakun hutu takan bi masu shirya fim tana ɗaukar musu jaka, a wuni ana kiran ta "ke". Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya magani. Duk da haka in ta ga rana ta ratso taga ta sauka a bango, sai ta tsaya tana auna inda za ta kafa kyamara.

Abu ɗaya ya rage ta gama: gajeren fim na kanta. Malaminsu ya faɗa a fili, wanda nasa bai yi ba zai maimaita shekara. Darakta ta san ba ta da ƙarfin wata shekarar. In ta faɗi gida za ta dawo, sunan ya koma zolaya kamar yadda ya fara.

Sai ta zaɓi yin fim ɗin a kan Baba. Idonsa ya yi rauni, dalmar liƙin waya tana zame masa, mutane kuma sun daina kawo rediyo gyara, sai su yar su sayi wata. Ya riga ya yanke shawarar mayar da makullin shago, ta ce za ta ɗauki ranarsa ta ƙarshe.

Da safe ta ɗauki hoton kantar da ke maƙare da matattun rediyoyi, da gwangwanin ƙananan notina, da tabon ƙuna a kan tebur. Da yamma Baba ya jawo benci ya hau, ya ciro allon shagon daga ƙusarsa. Da ya sauko ya goge fentin da hannun riga, leɓensa na rawa, ya ce da hannunsa ya rubuta shi shekarar da aka haifi babban yayanta. Daidai nan wata babbar mota ta ratsa titin da ƙara, ta cinye maganar.

A makaranta an cusa musu abu guda har ya zame musu jiki: in sauti ya ɓaci, a sake. Bakinta ya riga tunaninta.

"Baba, a sake."

"A sake me, Auta?"

"A mayar da allon, a ciro kamar ɗazu. Mota ta shiga."

Ya dube ta, ya dubi bencin, ya hau.

Karo na biyu wani mai babur ya leƙo cikin hoton yana washe baki. Daga baya gajimare ya tare rana. Can kuma ba sauran laifin titi, ita ce ke neman rawar leɓen nan, leɓen kuwa ya daina rawa. Baba ya haddace maganarsa yana zuba ta kamar karatu. Telan da ke maƙwabtaka da su ya leƙo ya ce, "Wai yau rufewa ake ko buɗewa?" Sai da haske ya tafi ta haƙura.

A ɗakin tace fim, wani ɗan matsattsen ɗaki mai fanka mai gurnani, ta duba abin da ta samo, Malam na tsaye a bayanta. Ɗauka ta farko ba a jin komai. Sauran ana ji tsaf, amma kamar Baba na karanta sanarwa. Har ta miƙa hannu za ta rufe, sai hoton ya ci gaba. Maɓallin kyamarar makaranta gardama gare shi, shi ya sa ranar ta bar ta a kunne tsakanin ɗauka da ɗauka. Ga Baba yana hawa benci da allo a ƙirji, gwiwarsa na karkarwa, yana laluben ƙusa da yatsa don ba ya ganin ta. Yana rataye allon shagon da ya riga ya rufe. Daga bayan kyamara kuma muryarta, a gajiye, ba tausayi: "Baba, a sake."

"Ga fim ɗinki nan," in ji Malam. "Sauran ki zubar."

"Malam, wannan ai ba ɗauka ba ce."

"Ita kaɗai ce. Kuma kada ki cire muryarki."

Kunya ta rufe ta. Ranar nan idonta na kan ma'aunin sauti, ko sau ɗaya ba ta dubi gwiwar ubanta ba. Ta ƙudurta ba za ta miƙa fim ɗin ba sai Baba ya gani. In ya ce a'a, shi ke nan, an gama da Darakta.

Ta kunna musu a falo bayan abincin rana. Ana tsakiya Mama ta ja tsaki ta tashi. Baba ya matso da fuskarsa dab da kwamfuta, ya kalli kansa yana hawa yana sauka har hoton ya ƙare. Sannan ya juyo ya tarar da fuskarta a jiƙe.

"Bai yi ba ko?"

Ya dafa kujera ya miƙe yana laluben hularsa.

"Allon na nan bayan ƙofa. Wanda ya karɓi shagon mutumin kirki ne, zai ara mana bangon. Tashi mu sake tun da sauran rana."

Ta riƙo hannun rigarsa.

"Ya yi, Baba. Haka zan kai shi."

"To," ya ce, ya koma ya zauna a hankali, hannunsa a kan gwiwa.