Takalmin Hajiya Nazeefa

Prudence Bitrus 'yar Kagoro ce, amma a Kubwa take zaune. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana hawa bas zuwa Gwarinpa, inda take aiki a wani asibitin kuɗi. Ɗakin aikinta na bayan gini kusa da janareta, kullum warin gam da sabuwar fata yake yi. Masu ciwon suga da ƙafarsu ta daina ji, da waɗanda tafinsu ya baje, ita ke auna su. Takan sa mutum ya taka soso ta ɗauki siffar ƙafarsa, sannan ta haɗa masa takalmi da shimfiɗar ciki daidai da shi.

Hajiya Nazeefa, mataimakiyar darakta a wata ma'aikata, ta zo mata da gyambo a ƙarƙashin babban yatsan hagu. Wata biyar ana wanke shi, Prudence na gyara shimfiɗa don nauyi ya bar wurin, har ya rufe. Daga nan sabo ya shiga. Da layya Hajiya kan aiko mata da nama, ita kuma in ta dawo daga gida bayan Kirsimeti sai ta kai mata acca. Hajiya “ƙanwata” take ce mata, har a gaban mutane.

Ana saura mako biyu bikin Sumayya, 'yar Hajiya, Prudence ta gama mata sabon takalmi, baƙi, mai faɗin baki.

“Hajiya, ko kicin za ki shiga, da shi za ki shiga.”

“Wannan ai na sojoji ne, ƙanwata,” in ji Hajiya tana dariya. “Amma na ji.”

Ba ta ji ba. Kwana huɗu na biki a cikin takalmi mai tsini ta yi su, Prudence ma ta ga hotunan a waya. Gyambon ya buɗe, Hajiya ta ɓoye shi har ya ruɓe. Yatsu biyu aka yanke.

Ranar Litinin shugaban asibitin ya kira Prudence ofis. Ta tarar da Hajiya a keken marasa lafiya, mijinta Alhaji Lukmanu a tsaye, baƙin takalmin a kan tebur.

“Ta ce takalminki ne ya goge mata ƙafa,” in ji Alhaji.

Prudence ta ɗauki takalmin ta juya shi. Ƙasansa fes. Ta zura hannu ciki, shimfiɗar ba ta lotsa ba, kwanan watan da ta rubuta da fensir ma bai goge ba.

“Hajiya, wannan bai taɓa taka ƙasa ba.”

Hajiya ba ta ɗago kai ba. “Wato ƙarya nake yi kenan, Madam?”

Wannan “Madam” ɗin ya fi komai ƙona mata rai. Ta miƙa wa oga takalmin ya duba da kansa, bai karɓa ba. Ma'aikatan ofishin Alhaji kusan duka a nan suke ganin likita. Oga ya ce ta je gida ta huta, za a neme ta. Ba a neme ta ba.

Ta kama ƙaramin shago a Kubwa, wasu tsofaffin majinyatanta suka biyo ta. Bayan wata uku, tana cikin yanka fata da rana, wayar Hajiya ta shigo.

“Ƙanwata, ki yafe mini. Kin san halin Alhaji. Ya gargaɗe ni kan takalmi mai tsini tun kafin biki, da ya san gaskiya da ban zauna lafiya ba.”

“To yanzu kin gaya masa?”

Hajiya ta ce, “Ba kira na yi don wannan ba. Babu takalmin da ke zama a ƙafar nan. Ki zo ki auna ni, amma kada Alhaji ya sani.”

Prudence ta ce ba za ta zo ba. Ta karanto mata lambar Zacharias, wani abokin karatunta mai irin wannan aiki a Garki, ta yi mata fatan samun sauƙi, ta kashe wayar. Ta daɗe zaune da almakashi a hannu. Daga baya ta kira Zacharias ta gaya masa dunduniyar matar tana karkata waje, ya lura da ita, kuma ya cike gurbin yatsun da abu mai laushi. Da ya tambayi me ya sa ba za ta yi da kanta ba, sai ta ce aiki ya yi mata yawa.