Takardun Mahaifina a Buhun Gero

A wata ƙasar Larabawa na sayi littafin, ɗan siriri, hotunansa sun fi rubutunsa yawa. Labarin wani gari ne da yaƙi ya ci. Da wuta ta doso ɗakin karatunsu, sai masu gasa burodi suka riƙa fitar da littattafai a ƙarƙashin burodin da suke tallar sa. Na ga irinsa da Faransanci, na gani da Turanci, amma ban taɓa cin karo da shi da Hausa ba.

Jikata, wadda nake tsokana da amaryata, tana da shekara bakwai lokacin. Ina buɗe mata shafi ina fassarawa. Ta tambaye ni ko mu ma za a zo a ƙona namu. Na ce mata a Kano gara ce kawai abokiyar gabarmu.

Bayan wata biyu muka tashi daga tsohon gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni. Ina can wajen masu ɗaukar kaya, 'yata, uwar yarinyar, ta buɗe gafakar mahaifina. Ta ga takardu warwatse, gara ta ci gefensu, dukansu da haruffan Larabci. Sai ta yi abin da aka koya mana: takarda mai sunan Allah ba a barin ta a taka, ƙona ta ake yi. Ta hura wuta a bayan gida da bisimilla.

Ba Alƙur'ani ba ne. Hausa ce da ajami, labarin tafiyar mahaifina Makka a ƙasa, da hannunsa. Babu wani kwafi.

Da na dawo, sai toka na tarar. Washegari 'yata ta je ɗiban gero za ta yi kunu, hannunta ya taɓo takarda. Kusan rabin takardun mahaifina ne, an cusa su cikin buhun geron.

"Burodi na nema ban samu ba, tsoho," in ji amaryata.

'Yata ta durƙusa tana ba ni haƙuri. Na ce ta tashi. Harsuna huɗu nake ji, amma ban taɓa zaunar da ita na nuna mata rubutun kakanta ba.

Yanzu duk Asabar bayan la'asar mukan shimfiɗa tabarma mu uku, mu karanta takardun da suka tsira. Labarin yana farawa ne daga tsakiya, mahaifina ya riga ya wuce tafkin Chadi.